Kujera Ta Bakwai

Litinin, Laraba, Juma'a,
ina asibitin da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Gdansk,
inji yana wanke min jini
tunda ƙodata ta ajiye aiki ba sallama.

Awa huɗu a kujera ta bakwai,
ina harare agogo
kamar wanda na biyo bashi.

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina walda
a cikin tumbin jiragen ruwa.
Ƙarfe ya san hannuna, wuta ta san girata.
Ban taɓa zama haka kawai ba.
Ashe zama ya fi ƙarfe nauyi.

Sai ran nan ga Bogumila,
mai jinyar nan mai tabo a haɓa.
Ta jawo kujera, ta ce, "Leszek, rufe ido.
Bi numfashinka, shiga da fita.
Kada ka tura shi, kada ka ja shi.
Yanzu ga ka a bakin teku..."

Na buɗe ido ɗaya.
Na ce, "Baiwar Allah, tekun nan ce ta cinye min gwiwoyi.
Kai ni wani wurin."
Ta yi dariya har da riƙe baki.
"To, ja gaba. Ina muka nufa?"

Shiru.
Inji na ta ƙis, ƙis, ƙis.

Can sai ga matakala tara,
ta shida tana kuka in an taka,
sun gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa na kakata,
inda take jera tuffa a kan tsofaffin jaridu,
wani ba ya taɓa wani,
don su kai tsakiyar sanyi ba su ruɓe ba.

"Me ka ji?"
"Ƙanshi."
"Na me?"
"Tuffa. Danshin bango. Kananzir ɗin fitila."
"Ɗauki ɗaya."
Na ɗauka. Sanyi, da ɗan maiƙo a bawon.

Rabona da ɗakin nan shekara sittin.
Gidan ma an rushe, an ce wurin wankin mota ne yanzu.
Amma ga ni ciki tsamo-tsamo,
da gajeren wando da gyambo a gwiwa.

Ba zan yi ƙarya ba:
allura tana nan allura,
ƙoda ba ta dawo bakin aiki ba.
Wani zubin ina matakala ta huɗu
sai kuɗin wuta ya fizge ni,
ko sakamakon gwajin da likita ke ta jan ƙafa a kai.
Bogumila ta ce kada in kama kokawa.
Tunani mai wucewa ne, in ji ta,
amsa gaisuwarsa, ba sai ka ba shi wurin zama ba.
Koma kan numfashi. Sake sauka.

Ga dai abin da na gani.
Haƙorana sun daina cizon juna.
Kafaɗuna sun sauko daga kunnuwana.
Matata Halszka ta ce na bar birgima da dare
kamar kifin da aka jefa tudu.
Jiya, rabin kofin shayin da aka yarje min,
na kurɓa, na ji shayin,
zafinsa, ɗacinsa, har inda ya sauka.
Shekara nawa ina sha ban ji ba?

Yau an kawo wani yaro kujera ta takwas,
direban tasi, bai kai talatin ba.
Yana kallon jininsa yana yawo a roba,
leɓensa ya bushe, hannu na rawa.

Na ce, "Rufe ido, samari. Ina muka nufa?"
Ya daɗe bai tanka ba.
Sannan ya ce, "Ni ba ni da ko'ina."

Na ce, "Ba komai, ari nawa.
Matakala tara ne, babu fitila sai ƙasa.
Ka dai yi hankali da ta shida."